Kura da Shan Bugu: Wa Ke Cin Ribar Ƙirƙirarriyar Basira?

Ranar Litinin 27 ga Janairun 2025, darajar hannayen jarin kamfanin Nvidia na Amurka ta zube da kusan dala biliyan 590 tsakanin buɗe kasuwa da tashinta. Kafin wannan rana babu kamfanin da ya taɓa tafka asara mai girman haka a yini guda, kuma kuɗin sun ninka kasafin gwamnatin tarayyar Najeriya na shekarar fiye da sau goma. Dalili kuwa, wani ƙaramin kamfani ne a China mai suna DeepSeek ya fito da manhajar da ke amsa tambaya tana rubutu kamar mutum, ya ce abin da ya kashe wajen horar da ita bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da na Amurkawa. Masu zuba jari suka firgita, suka shiga sayar da hannayensu. Firgicin bai daɗe ba. A watan Yuli Nvidia ya zama kamfani na farko da darajarsa ta kai dala tiriliyan 4, a Oktoba kuma ya taka tiriliyan 5.

Abin lura shi ne Nvidia ba da rubuta wa kowa wasiƙa ko zana masa hoto ya tara wannan dukiya ba. Ƙwaƙwalen kwamfuta yake tsarawa, wani kamfani a Taiwan mai suna TSMC ya ƙera masa su, sannan ya sayar wa masu gina irin waɗannan manhajoji. A shekarar cinikinsa da ta ƙare a Janairun 2025 ya yi cinikin dala biliyan 130, ya fita da ribar kusan biliyan 73. Shi kuwa OpenAI, mai ChatGPT, wanda sunan manhajarsa ya shiga bakin kowa tun 30 ga Nuwamban 2022, rahotanni sun ce a 2024 ya yi asarar kimanin dala biliyan 5. Mai suna yana ƙirga asara, mai sayar masa da kayan aiki yana ƙirga riba. A ƙasansu kuma akwai miliyoyin kamfanoni da 'yan kasuwa da aka yi wa alkawarin cewa wannan fasaha za ta sauya musu rayuwa. Su ne nake son mu duba, domin a ganina ƙirƙirarriyar basira tana aiki, aikin gaske ma, sai dai ribarta ba ta cika zama a hannun mai amfani da ita ba.

Mu fara da ba ta haƙƙinta. Wasu masana tattalin arziki uku, cikinsu har da Erik Brynjolfsson na Jami'ar Stanford, sun bi diddigin ma'aikata 5,179 masu amsa koken kwastomomi, waɗanda aka haɗa su da manhajar da ke ba su shawarar amsar da za su bayar. A jimlace, yawan matsalolin da suke warwarewa cikin awa guda ya ƙaru da kashi 14 cikin 100. Amma in ka buɗe jimlar sai ka ga wani abu daban: sababbin hannu sun ƙaru da kusan kashi 34, tsofaffin hannu kuwa da ƙyar aka ga wani canji a aikinsu. Wato manhajar ta kwashi dabarun ƙwararru ta raba wa 'yan koyo. Ga sabon ma'aikaci wannan albishir ne. Ga wanda ya shekara goma yana tara ƙwarewa, abin da ya bambanta shi da na bayansa ya fara narkewa, kuma babu wanda ya biya shi ko sisi a kan dabarun nasa da aka raba.

Haka abin yake tsakanin kamfani da kamfani. Wanda ya shekara talatin da wani abu zai tuna lokacin da wayar salula ta shigo Najeriya a Agustan 2001, bayan gwanjon lasisi da aka yi a Janairun shekarar a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya. A lokacin layukan NITEL ba su kai rabin miliyan ba. Ɗan kasuwar da ya fara mallakar waya a Dawanau ya riga kowa jin farashin wake a Legas, ya ci kasuwarsa son rai. Amma na shekara nawa? Da waya ta shiga aljihun kowa, sai ta tashi daga abin da ke ba ka fifiko ta koma abin da in ba ka da shi kasuwa ta bar ka. Masu laimar buga waya a bakin titi suka watse, mai saye ya samu sauƙi saboda farashi ya daina ɓuya, kuɗin kati kuma suka ci gaba da kwarara wurin masu turakun sadarwa har yau. Ƙirƙirarriyar basira kan wannan turba take, sai dai ita da gudu take tafiya. Rahoton Jami'ar Stanford na 2025 ya nuna kuɗin amfani da manhaja mai ƙarfin ChatGPT na farko ya faɗi ninki 280 tsakanin Nuwamban 2022 da Oktoban 2024. Abin da ya yi arha haka ba ya zama sirrin kowa. In kai za ka iya rubuta tallar shagonka da ita cikin minti biyu, maƙwabcinka ma zai iya.

Ban ce babu amfani ba. Tun Afrilun 2024 manhajar Meta AI take cikin WhatsApp a Najeriya, ba tare da an biya ko kwabo ba ban da kuɗin data. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke odar yadi daga Guangzhou yanzu yana iya rubuta wa dillalinsa saƙo mai tsabta da Turanci ko Sinanci ba tare da ya nemi ɗan boko ya zauna masa ba. Matar da ke sayar da turaren wuta da humra daga cikin gida tana iya tsara hoton talla da a da sai ta biya mai zane. Wannan sauƙi ne na gaske, kuma ya fi amfanar ƙaramin ɗan kasuwa fiye da babba, tun da babban dama yana da akawu da sakatare. To amma kuɗin da ta daina biya, wani ne ya daina karɓa: yaron da ke zana katin biki, mai buga takardu a ƙofar sakatariya, mai fassara, mai rubuta wa jama'a takardar neman aiki. Wani bincike a kan dandalin Upwork, inda masu aikin ƙwadago ta intanet ke neman ciniki, ya gano cewa bayan fitowar ChatGPT ayyukan marubuta sun ragu da kimanin kashi 2, kuɗin shigarsu kuma da kimanin kashi 5, kuma suna mai kyau bai kare ƙwararrun cikinsu ba. Kamfanin Chegg na Amurka, mai taimaka wa ɗalibai da aikin gida a kan kuɗin wata, ya rasa kusan rabin darajarsa a yini ɗaya a Mayun 2023, bayan ya amsa da bakinsa cewa ɗalibai sun fara komawa ChatGPT.

Akwai kuma wani lissafi da masu tallar fasahar ba sa son a tsaya a kansa, wato kuɗin duba aikinta. Waɗannan manhajoji ba sanin gaskiya suke yi ba. Sun haɗiye rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, suna hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabata, shi ya sa suke iya shara ƙarya da murya iri ɗaya da wadda suke faɗin gaskiya. A Yunin 2023 wani alƙalin kotun tarayya a New York ya ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun kafa hujja da shari'o'i shida da ba a taɓa yi ba, ChatGPT ce ta ƙaga musu su, har da sunaye da lambobi. A Kanada, manhajar hira ta kamfanin jiragen Air Canada ta faɗa wa wani fasinja da kakarsa ta rasu cewa ya sayi tikiti, daga baya ya nemi rangwamen da ake yi wa masu zuwa jana'iza. Da ya nema aka hana shi, aka ce ba haka ƙa'idar take ba. A gaban shari'a kamfanin ya kawo wata hujja mai ban dariya, wai manhajar ita ke da alhakin maganarta. A Fabrairun 2024 aka yi watsi da hujjar, aka sa ya biya. Kuɗin ba su da yawa, ɗan abin da ya haura dalar Kanada 800 ne, amma hukuncin ya faɗi abin da kowane mai shago ya sani: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Labarin Klarna, wani kamfanin Suwidin mai ba da kaya bashi ta intanet, ya fi wannan koyarwa. A Fabrairun 2024 ya yi shelar cewa manhajarsa ta amsa hira miliyan 2.3 cikin wata guda, aikin ma'aikata 700. Jaridun kasuwanci suka yi ta yayatawa, shugabannin kamfanoni suka yi ta tambayar na ƙasa da su me ya sa su ba su yi haka ba. A Mayun 2025 shugaban kamfanin, Sebastian Siemiatkowski, ya fito ya ce sun fifita rage kashe kuɗi har ingancin aiki ya faɗi, kuma za su koma ɗaukar mutane domin kwastoma ya samu ɗan Adam da zai yi magana da shi in ya so. Bai jefar da manhajar ba, kuma bai kamata ya jefar ba. Tambayar da take da sauƙi, na'ura ta fi mutum saurin amsa ta. Amma mutumin da aka cire wa kuɗi sau biyu, ransa a ɓace, ba amsa mai santsi yake nema ba, wanda zai ɗauki alhaki yake nema.

A nan ne nake ganin farashi zai juya. Rubutu mai kyau, hoto mai kyau, murya mai daɗi, a da duk alamu ne cewa akwai wani a bayansu da ya kashe lokaci da kuɗi. Yanzu ɗan damfara ma yana da su kyauta. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin injiniyoyi na Arup a ofishinsu na Hong Kong ya tura kimanin dala miliyan 25 bayan wani taro ta bidiyo da ya yi da shugaban sashen kuɗi da wasu abokan aiki. Dukkansu na bogi ne, fuska da murya. A ƙasar da yawancin ciniki ke tafiya a kan saƙon murya da "Alhaji ya ce a ba ka", ba sai an yi dogon bayani ba. Bankuna da kamfanoni za su ƙara kashe kuɗi wajen tantancewa, kuma kuɗin a kan kwastoma za su ƙare. Wanda aka san fuskarsa da gidansu da wanda ya tsaya masa, darajarsa za ta ƙaru.

Idan aka koma kan tattalin arziki baki ɗaya, masana sun rabu, kuma rabuwar ba ƙarama ba ce. A Maris ɗin 2023 bankin Goldman Sachs ya ce fasahar na iya shafar ayyukan yi miliyan 300, ta kuma ƙara wa arzikin duniya kashi 7 cikin 100 a shekara goma. Kamfanin McKinsey ya ce za ta iya samar da dala tiriliyan 2.6 zuwa 4.4 duk shekara. Shi kuwa Daron Acemoglu na jami'ar MIT, wanda ya samu lambar Nobel a 2024, ya lissafa ya ce ƙarin yawan aikin da za ta kawo wa Amurka a shekara goma ba zai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ba na cewa shi ne mai gaskiya. Amma yana da kyau mai karatu ya tuna cewa ɗaya daga cikin masu manyan alƙaluman banki ne mai dillancin hannayen jari, ɗayan kuma sana'arsa ita ce sayar wa kamfanoni shawarar yadda za su rungumi sabuwar fasaha.

Tarihi ma ya fi karkata ga masu haƙuri. Thomas Edison ya kunna tashar lantarkinsa a New York a 1882, amma sai a shekarun 1920 aka ga tasirin lantarki sosai a yawan kayan da masana'antun Amurka ke fitarwa. Masanin tarihin tattalin arziki Paul David ya bayyana dalili: da farko masu masana'antu sun cire injin tururi ne kawai suka dasa na lantarki a gurbinsa, suka bar komai yadda yake. Sai da aka sake fasalin masana'anta gaba ɗaya, kowane inji da motarsa, sannan riba ta fito. Yawancin kamfanoni a yau suna matakin farko. Sun saya wa ma'aikata rajista, ma'aikaci ya sa manhaja ta faɗaɗa masa layi uku zuwa shafi biyu, wanda ya karɓa ya sa tasa ta taƙaita masa shafi biyun zuwa layi uku. An ƙona wuta, an biya dala, aiki yana nan inda yake.

Su kuwa manyan ba su jira ba. Amazon da Microsoft da Alphabet da Meta sun ware sama da dala biliyan 300 a 2025 kaɗai, mafi yawa domin gina rumbunan kwamfutoci. A Satumban 2025 Nvidia ya sanar da niyyar zuba har dala biliyan 100 a OpenAI, wanda shi kuma zai yi amfani da ƙwaƙwalen Nvidia. In mai sayarwa ya fara bai wa mai saye kuɗin da zai sayi kayansa, da walakin, goro a miya. An taɓa ganin irin wannan zazzaɓi a harkar jirgin ƙasa a Ingila a shekarun 1840, da kuma kamfanonin intanet da suka rufta a shekarar 2000. A duka biyun masu jari da yawa sun ƙone, amma dogo da wayoyin da aka shimfiɗa sun saura, jama'a suka ci moriyarsu. Bambancin yau shi ne dogo yana shekara hamsin yana aiki, ƙwaƙwalwar kwamfuta kuwa cikin 'yan shekaru sabuwa ke fitowa ta mayar da ita tsohon yayi.

Sannan ga wuta. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce rumbunan kwamfutoci sun sha kimanin kashi 1.5 cikin 100 na lantarkin duniya a 2024, kuma za su ninka haka fiye da sau biyu zuwa 2030, su wuce abin da ƙasar Japan ke sha a yau. A Satumban 2024 Microsoft ya ƙulla yarjejeniyar shekara 20 domin a sake kunna wani sashe na tashar nukiliya ta Three Mile Island, mai megawat 835, saboda buƙatunsa. Wannan kusan ɗaya bisa biyar ne na abin da babban layin wutar Najeriya ke rabawa a yawancin ranaku ga mutum sama da miliyan 200. Duk gwamnan da ya hau mumbari ya ce zai mayar da jiharsa cibiyar ƙirƙirarriyar basira, a fara tambayarsa awa nawa aka samu wuta a Sharaɗa ko Kakuri a makon da ya wuce.

A Janairun 2024 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce fasahar za ta shafi kusan kashi 40 cikin 100 na ayyukan yi a duniya: kashi 60 a ƙasashe masu arziki, kashi 26 a matalauta. Wani zai ji wannan ya yi hamdala. Gaskiya ne manhaja ba za ta yi noman rani a Kadawa ba, ba za ta ɗauki buhu a Singa ba. Amma ƙarancin adadin yana nufin ayyukan ofis da na ilimi, waɗanda fasahar za ta iya haɓakawa, su ne ba mu da su da yawa. Wanda kuma ke son manhaja mai ƙarfi sai ya biya dala 20 a wata, abin da ya haura kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Kowane lauya da akanta da ɗan jarida da ya yi rajista, ƙarin buƙatar dala ce a kan naira. Muna shigo da tataccen mai, muna shigo da alkama, yanzu mun ƙara da shigo da rubutu.

Rabon Afirka a ɗaya gefen cinikin kuwa, mujallar Time ta tona shi a Janairun 2023. Ma'aikata ne a Nairobi, ta hannun wani kamfani mai suna Sama, aka sa su karanta bayanan fyaɗe da kisa da cin zarafin yara suna yi musu alama, domin ChatGPT ta koyi gudunsu. Ladansu bai wuce dala 2 a awa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Indiya da Filifin sun gina masu matsakaicin ƙarfi miliyoyi da irin ayyukan da Turawa ke turowa waje: amsa waya, shigar da bayanai, rubuta ƙananan manhajoji. Wannan tsani muke ƙoƙarin takawa da shirin 3MTT da ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar domin horar da matasa miliyan 3, kuma matakansa na ƙasa su ne ainihin waɗanda na'ura ta fi iyawa. Ba hujjar dakatar da shirin ba ce, hujjar sauya abin da ake koyarwa ce. Manhajar N-ATLAS da gwamnati ta bayyana a Satumban 2025, mai jin Hausa da Yarabanci da Ibo, mataki ne mai kyau, in har ba ta ƙare a bikin ƙaddamarwa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗan koyo. A Agustan 2025 Brynjolfsson da abokan aikinsa sun duba bayanan albashin miliyoyin ma'aikata a Amurka, suka ga cewa a sana'o'in da fasahar ta fi shafa, aikin yi na matasa 'yan shekara 22 zuwa 25 ya ragu da kimanin kashi 13 cikin 100 idan aka gwada da sauran, alhali na manya bai girgiza ba. Hikimar a fili take. Babban lauya ya zama babba ne ta hanyar shekarun da ya yi yana tono tsofaffin shari'o'i yana rubuta daftari ana jan masa kunne. Edita ya fara ne da rubuta labarin kotun majistare ana kekketa masa shi. In manhaja ta karɓe wannan aikin, mai ofis zai ga ya huta da albashin yaro. Amma manhajar tana buƙatar ƙwararren da zai gane ƙaryarta, kuma ƙwararren nan daga cikin yaran yake fitowa. Kowane kamfani in ya duba aljihunsa zai ga gara wani ya horar, shi ya ɗauko. In kowa ya yi wannan lissafi, nan da shekara goma sha biyar za a nemi mai duba aikin na'ura a rasa.

Kasuwa ba ta gyara irin wannan da kanta, kuma muna da makamin da aka ƙera domin sa tun 1971, wato Asusun Horar da Ma'aikata na ITF, wanda doka ta ɗora wa kamfanonin da suka kai wani girma su zuba masa kashi 1 cikin 100 na albashin da suke biya a shekara, a mayar musu da wani kaso idan sun horar da ma'aikatansu. A maimakon kuɗin su tafi a tarukan bita na kwana uku a otal, a ɗaura mayarwar a kan kujerar ɗan koyo: ofishin lauya ko na akanta ko gidan jaridar da ya ɗauki sabon hannu, ya riƙe shi shekara biyu a ƙarƙashin babba, yana aiki da manhajar yana kuma koyon kama kuskurenta, shi ya fi cancantar a mayar masa. Ƙungiyar lauyoyi ta NBA da ta akantoci ta ICAN suna da rajistar mambobinsu da za a iya tantance hakan da ita.